Rigar da Tela Bai Taɓa Gani Ba

Da wuya mako ya wuce wata yarinya ba ta shigo shagona a unguwar Camberwell ta London ba, waya a hannu, tana son in koya mata shirya masu tallan kaya. Wai ta ga yadda ake yi, ba wani abu ba ne: a yafa zane, a kafa ɗauri, a ɗauki hoto. Ba na musu da su. Turmin atamfa nake miƙa wa yarinya, in ce ta warware shi duka, sannan ta mayar mini da shi yadda ta same shi. Yawancinsu a nan muke sallama.

Ni 'yar kasuwa ce, ba tela ba. Ko zare ban iya sa wa keke ba. Atamfa nake sayarwa da leshi da shadda, da su na kama shago, da su na aurar da 'ya'yana. Amma tun ina budurwa akwai aikin da nake haɗawa da kasuwar, wato ba masu hoto aron kaya, in kuma shirya yarinyar da za ta sa. Ga inda gizo ke saƙar: turmi yadi shida ne, kuma ranar da almakashi ya taɓa shi ya tashi daga haja. Mai mujalla ba saye zai yi ba, aro yake so. Don haka dole ki fitar da riga da zane da mayafi daga turmi guda, ba yanka ba ɗinki, a gama hoto ki ninke abinki ki mayar shago. Daga gaba sai ki rantse tela ya yi wata yana aikinta. Daga baya kuwa bushiya ce: fil ta ko'ina, da maƙalan shanya a jere tun daga wuya har ƙugu.

A wajen Mma Hawa na koya. 'Yar zangon Kumasi ce, tana da rumfa a wata kasuwa a kudancin London, kuma Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Na je mata ina sabuwar zuwa, ina sharar ofis da safe, in yini a rumfarta. Watannin farko ban taɓa komai ba sai ninki.

"Talatu, ka bi layin da kamfani ya yi. Ka fi kamfani wayo ne?"

In na ninke ta warware, in na sake ta sake warwarewa, har sai da hannuna ya gane hanya ba tare da ido ba. Sannan ta ba ni fil. Shi ma ba a soka shi a fili, a cikin baƙin layin zanen ake soka shi, inda rami ba zai nuna ba. Ranar aiki ba a shafa mai. Ana sa takarda mai laushi a hammatar yarinya saboda gumi, a rufe mata fuska da farin ƙyalle lokacin da zane zai wuce saboda hoda. Tambarin kamfani da ke manne a jikin atamfa ba a ɓare shi, a cikin ninki ake ɓoye shi. Yarinya kuwa daga an shirya ta ba zama, ba tafiya, ba shayi, ba dariya mai ƙarfi. Numfashi ma da lissafi. Kada wani ya ce ha'inci muke yi wa masu saye. Mma da bakinta take gaya musu cewa wannan turmin shi ne ya fito a mujalla, kuma shi suke fara wawa.

Yayata Saratu ce ta jawo ni cikin harkar hoto. Ta riga ni zuwa, karatun jinya ya kawo ta. Doguwa ce, baƙa wuluk, ga wuya. Wani mai hoto ya tare ta a hanya ya ba ta katinsa, daga nan allura da ma'aunin zafi suka rasa ta. A wancan zamani baƙar mace a wannan sana'a sai mai taurin kai. Ki je wajen aiki a gaya miki, cikin ladabi irin nasu, cewa ai an riga an samu baƙa guda. Mai kwalliya ta buɗe akwatinta, hoda kala-kala, babu ko ɗaya da ta yi kusa da fatarki. In kika bari ta shafa miki, ki fito kamar an birkiɗa ki a toka. Gashi kuwa tsayawa suke yi suna kallonsa kamar takardar jarrabawa. Shi ya sa Yaya da jakarta take yawo, hodarta da jan bakinta da matajinta, ni kuma ina biye da turmi a hammata.

Aikin titin Aldwych shi ne ya fitar da ita. Wata mujalla ce ke son hoton 'yar Afirka a tsakiyar London, da jan bas a bayanta. Mma ta ba da wani Holan shuɗi mai duhu, da zanen tsuntsaye ruwan ɗorawa. A banɗakin wani gidan shayi na fara shirya Yaya, na tallabo ta tana jan ƙafa, na ƙarasa maƙalewa a bakin titi. Abin da ban yi lissafi da shi ba iska. Duk bas ɗin da ya wuce sai ya ɗaga mayafin ya nemi tona mana asiri. Ƙarshenta na durƙusa a bayanta, hannu biyu riƙe da ƙugun, kaina a tsakiyar bayanta, faɗin zanen ya rufe ni. A hoton za ki ga mace a tsaye, haɓa a sama, kamar titin gadon ubanta ne. Da mujallar ta fito mata suka yi ta zuwa rumfa da yagaggen shafi a hannu, har irin atamfar ta ƙare kaf. Shi dai turmin da ya yi aikin, Mma ta sa shi a akwatinta ta ce ba na sayarwa ba ne.

Muguwar shekara a wannan sana'a ita ce ta annoba, da aka kulle gari. Ba biki, ba suna, ba anko, ba coci ba masallaci. Wa zai sayi leshi ya sa a falo? Kaya suna kallona ina kallonsu. Takunkumin fuska ne ya riƙe ni. Na haɗa kai da wata mai keken ɗinki, muna yanka atamfa ƙanana-ƙanana muna sayar wa ma'aikatan babban asibitin unguwarmu. Ranar da na ga Holan a hancin wani mai tura gadon marasa lafiya, na san duniya ta juya.

A wannan zaman kullen ne Jummai, 'yar Yaya Saratu, ta rasa abin yi a flat ta hau binciken tsofaffin hotuna. Haifaffiyar nan ce, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, kuma harkar fim ta karanta. Sai ta ƙudura za ta yi fim na gaskiya, ba na wasan kwaikwayo ba, a kan uwarta da sauran baƙaƙen matan da suka yi tallan kaya a wancan lokaci. Ta samu masu tallafa mata, ta bi tsofaffin nan gida-gida. Ban raina aikinta ba. Na ga yadda takan yini a gaban tsohuwa, tana shan shayin da ba ta so, don ta samu jimla ɗaya ta gaskiya. Amma ginshiƙin fim ɗin duka shuɗiyar rigar nan ce ta hoton Aldwych.

Bayan an buɗe gari Jummai ta zo shago ta ajiye mini kwamfuta a kan kaya, wai in ga inda aiki ya kai. Sai ga ta cikin fim ɗin a Paris, hoto a hannu, tana shiga lungu tana fita, tana tambayar tsofaffin teloli. Ashe tun tana ƙarama uwarta ta gaya mata wani tsohon tela ne a can ya auna ta ya ɗinka mata rigar, ita kaɗai. Har an samu wani a cikin telolin da ya ƙura wa hoton ido ya ce ɗinkin ya yi kama da hannun marigayi maigidansa.

"Anti, kin taɓa ganin tsohon?" in ji Jummai.

Na ce, "Ni dai ban taɓa zuwa Paris ba."

Ƙanwa ba ta ƙaryata yayarta a gaban 'yarta. Na rufe shago da wuri na nufi gidan Yaya.

"Yaya, wane tsoho ne wannan?"

"Rufe ƙofa."

"Har da gemu kika yi masa."

"Yarinya ce ke tambaya ina amsawa. Da farko tela ne kawai. Gemun daga baya ya fito."

"To yanzu rigar take nema. Ta yi booking na masu kyamara, ta samo izini daga council, za ki sa ta a Aldwych a rufe fim da ita. Me kika ce mata?"

"Na ce tana wajenki."

"Wajena."

"Ke kika iya. Abin da kika yi da can shi za ki sake. Ki shirya ni a ɓoye, in tsaya, a ɗauka, kowa ya kama gabansa. In yarinyar nan ta gane, da wane ido zan kalle ta? Ta zuba shekarunta a kan abin nan."

Na dube ta sama da ƙasa. Saratun da na sani a da, turmi yakan zagaye ta har a samu rara. Ta yanzu kaka ce, kuma tuwo bai ci amanarta ba.

"Yaya, yadi shidan nan fa bai ƙaru ba."

"Ke ma ba ki ragu ba. Tashi ki je wajen Mma."

Mma Hawa ta tsufa ƙwarai, tana zaune wajen 'yarta a Peckham, a keken guragu. Ido ya yi rauni, amma kunne da baki suna nan daram. Ta sa aka jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, warin kafur ya cika ɗakin. Turmin yana nan yadda na ninke shi, tambarinsa a manne. Ta shafa shi ta gindaya sharaɗi: ba almakashi, ba zare da allura, kuma da ita za a tafi.

"Inda zanina ya je, nan zan je. Ku 'yan Najeriya ban yarda da ku ba."

Ranar Lahadi da safe aka yi aikin, kafin titi ya cika, muka bar wa fasto cocinsa. Masu fim sun kafa ɗan tanti a gefen hanya. Na kori kowa na ce kowace sana'a da sirrinta. Aikin da a da nake gamawa kafin shayi ya huce, ranar sai da na yi gumi a cikin sanyi. Zanen ya ƙi haɗuwa a baya, saura wajen taƙi guda. Na rufe giɓin da jelar mayafi, na zuba maƙalan shanya duk da na zo da su, na ce wa Yaya ta daina numfashi da ciki. Aka janye tantin daga kanmu, tunda ita ba ta janyuwa. Gwiwata ta daina durƙuso tuntuni, don haka na zauna a 'yar kujera a bayanta na riƙe ƙugun. Wannan karon ban sha wahalar ɓuya ba, Yaya ta rufe ni har da saura.

Da Jummai ta gan ta daga gaba sai ta ɗaga tsohon hoton tana kallonsa tana kallon uwarta. Mai kyamara ya ɗauka ta nesa, ya matso ya ɗauka ta kusa. Na ce a raina an gama, saura ninki. Ni hoto na sani, kuma hoto tsayuwa yake so. Ashe fim motsi yake so.

"Yawwa, Mum," in ji Jummai. "Yanzu ki tako zuwa wajena a hankali. Kyamara za ta zagaya ta biyo ki ta baya."

Yaya ta yi ƙasa da murya, ba ta motsa leɓe ba. "Talatu."

"Ina ji."

"Yaya za mu yi?"

"In kika ɗaga ƙafa, mutanen London za su ga abin da ba su nema ba."

"Mum, tako mana."

"Ƙafata ce ta riƙe."

"Ɗazu lafiya lau kika hau matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa."

"A zamaninmu ba a tafiya. Tsayuwa ake yi. Ke ba ki san aikin ba."

"Ina Anti Talatu?"

"Ta zagaya."

An maƙala wa Yaya ɗan abin ɗaukar murya a wuya, ni ban kula ba. Baturen da ke sauraro ya cire abin kunnensa ya duba, ya mayar, ya sake cirewa. Ya matsa ya gaya wa Jummai cewa ba ya jin yaren, amma muryar mata biyu yake ji tana fitowa daga mace ɗaya. Kafin ta ba shi amsa bas ya wuce da iskarsa. Wani maƙali ya ɓalle daga kafaɗar Yaya, ya yi tsalle ya faɗi a gaban takalmin Jummai. Ta sunkuya ta ɗauka, ta jujjuya shi a hannu, sannan ta zagayo.

Ta daɗe tana kallo: singiletin uwarta, da jerin maƙalai, da ni a kan kujera hannu biyu a ƙugu.

"Sannu, Anti."

"Yawwa, Jummai. Ya aiki?"

Ta koma gaban uwarta, ta yi tambaya da Hausa tsantsa, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. "Mama, ina rigar?"

"Babu riga. Ba a taɓa yin ta ba."

"Tsohon fa?"

"Shi ma babu."

"Na je Paris, Mum."

"Ai kin ga gari."

Jummai ta ce wa mai kyamara ya kashe. Ta zauna a kan akwatin kayan aiki ta ce shi ke nan, fim ya mutu. Matan nan duka sun buɗe mata cikinsu sun faɗi gaskiya, wasu har da kuka, ba za ta jera su ta rufe da ƙaryar gidansu ba. Ma'aikatanta suka fara kallon juna, ɗaya har ya fara naɗe waya.

"Kai, mai kyamara," in ji Yaya da Turancinta na asibiti. "Kunna. Ni ba na juyuwa, sai dai kai ka zagayo." Ya dubi Jummai, ba ta ce a'a ba, ya zagayo. Yaya ta karkato kai ta kan kafaɗa iya inda fil ya bar ta.

"Ɗauki bayan da kyau, nan aikin yake. Duk shekarun da na yi a sana'ar nan, ba wanda ya taɓa ɗaukar tef ya auna ni ya ɗinka mini riga. Fararen yara ana auna su, ina tsaye ina kallo. Ni abin da ya rage ake maƙala mini, ko wanda ƙanwata ta riƙe. Ke kuma, Jummai, ranar da kika dawo daga makaranta kika ce za ki kai hoton nan aji, kina tambaya wa ya yi wa mamanki riga, so kike in ce miki maƙalan shanya? Sai na ba ki tela."

Sai muryar Mma Hawa daga gefen titi, inda aka ajiye ta da bargo a cinya.

"Jummai, turo ni."

Aka turo ta har gaban Yaya. Ta laluba ƙugunta ta ciro igiyar makullanta, da ɗan almakashin da yake rataye a jiki tun muna rumfa. Ta kamo bakin zanen tana shafawa da yatsa.

Na leƙo na ce, "Mma, sharaɗinki fa."

"Zanina ne ko naka?"

Ta datsa shi, ɗan tsawon gaɓar yatsa. Na ji ƙarar har cikin haƙorina.

"To, ya lalace. Ba mai saye kuma. Ku kai wa tela ya auna Saratu da tef, ya ɗinka masa riga." Ta mayar da makullanta. "Tela na Peckham. Kar wanda ya sake hawa jirgi."

Jummai ce ta fara dariya, tana yi tana share fuska da bayan hannu. Yaya ta biye mata, maƙalai suka shiga ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, aka rugo da tanti aka kifa mana.

Telan da muka kai wa Bakano ne, mai hannu, amma tela tela ne ko a ina yake. Ya ce mu dawo ƙarshen mako, sai da ganyen bishiya ya zube ya sake tohowa. Jummai ta ɗauki awon a fim tun daga farko har ƙarshe, Yaya a tsaye hannuwa a buɗe, tana gardama cewa tef ɗinsa ne ba daidai ba. Yadin bai isa yadda ake so ba. Hannun riga ya tsaya a gwiwar hannu, ɗankwali ya fito kamar hankici, mayafi kuwa aka yafe shi. Abu ɗaya Yaya ta nace a kai, a yi mata aljihu. Tafiyar Paris ma Jummai ba ta cire ba, ta bar ta yadda take, har da telan da ya gane hannun maigidansa.

Aka sake neman izini, aka sake komawa Aldwych. Wannan karon ba tanti, ba kujera, ni ma a gefe na tsaya riƙe da jakar Yaya, hannuna ba aikin yi. Jummai ta ba da alama. Yaya ta ɗaga haɓa ta tako, tsuntsayen nan suna motsi a jikinta, mai kyamara yana ja da baya a gabanta, sannan ya kauce ya biyo ta ta baya. Ta kai inda aka yi mata alama a ƙasa, Jummai ta ce ya isa. Yaya ba ta tsaya ba. Ta wuce alamar, ta wuce mai ɗaukar murya, ta wuce wasu 'yan yawon buɗe ido da suka ɗaga wayoyinsu. Daidai matsaya wani bas ya tsaya ya buɗe ƙofa, ta sa hannu a aljihu ta ciro katinta na bas, irin na tsofaffi, ta hau kamar da ma an tsara. Jummai ta riƙe hannun mai kyamara kada ya kashe, har bas ɗin ya sha kwana.

Muna tsaye muna kallon inda ya ɓace wayata ta yi ƙara.

"Talatu," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa, "wannan bas ɗin ina za shi?"